Zuwa ga shugabannin NAAPE: in kun zauna da masu kamfani kar ku sayar da barcinku

Assalamu alaikum shugabannin ƙungiyar matuƙa jiragen sama da injiniyoyinsu ta Najeriya, ranku ya daɗe. Kyaftin-kyaftin da manyan injiniyoyi ina gaisuwa, ya aiki, ya kuma haƙuri da yanayin ƙasa.

Ni ba matuƙi ba ne, ban taɓa zama a kujerar gaba ba kuma ba na sa rai. Sana'ata sayar da tikitin jirgi a Kano, na Abuja da Legas da na masu Umara da 'yan kasuwar Dubai da Alkahira, wato dai ni ne wanda mutum zai kira da tsakar dare yana faɗa in an soke jirginsa kamar ni na ɓoye mukullin. To abincina a hannunku yake, kuma rayukan mutanen da nake sayar wa tikiti, bayan ikon Allah, a hannunku suke, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kan abin da kuke rattaba wa hannu ku da masu kamfanonin jirage, duk da dai ba a gayyace ni ba.

Maganata ɗaya ce. Duk lokacin da kuka zauna ciniki da masu kamfani a kan albashi da sharuɗɗan aiki, kar ku bari a cika maku aljihu a karɓe hutunku, kuma kar manyanku su ƙoshi a bar yaran da suka shigo jiya da yunwa. Kuɗi kam ku nema, haƙƙinku ne, amma akwai abubuwan da in kuka sayar da su ba naku kaɗai kuka sayar ba, har da namu da muke zaune a baya mun ɗaura bel muna karanta addu'ar tafiya.

Na san mutanen gari kallon kitse suke wa rogo. Suna ganin farar riga da hula da zanen zinare a kafaɗa sai su ce me waɗannan suke nema kuma, ai sun fi ƙarfin yajin aiki. Ba su san cewa matuƙi duk shekara sai likita ya duba shi tun daga ido har zuciya ba, in ya haura sittin ma duk wata shida ne, kuma ranar da likita ya ce hawan jini ko siga ya wuce ƙa'ida to lasisi ya tsaya, sana'a ta tsaya, ko da kuwa shekara ashirin mutum ya yi yana tashi. Ba su san duk wata shida ana mayar da ku na'urar kwaikwayon tuƙi a sake jarraba ku kamar 'yan makaranta ba, a kashe maku inji ɗaya a ga ya za ku yi, kuma yawancin wannan horon a ƙasar waje ake yinsa da dala. Kuma a shekara 65 dole ka sauka daga jigilar fasinja ta ƙasa da ƙasa ko kana da ƙarfinka. Wannan rashin sanin na mutane laifinku ne a wani ɓangaren fa, ku yi haƙuri, don ba ku yi wa jama'a bayani, sai ranar da kuka rufe ƙofar filin jirgi da alluna sannan mu ji muryarku, a ranar kuwa ba wanda zai saurare ku don kowa haushin jirginsa da ya rasa yake ji.

Ku tuna watan Agustan 2020. Korona ta tsayar da komai, kamfanin Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70 bayan an kasa daidaitawa a kan rage albashi, a cikin watan nan kuma mambobinku na Bristow masu jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikatan mai cikin teku suka shiga yajin aiki, kamfanin ya sanar da sallamar matuƙa da injiniyoyi wajen 100. Rigimar Bristow ɗin ma ita ce ta fi ba ni tsoro saboda a kan farashin canji ne, wato da wane farashin dala za a lissafa albashin ɗan ƙasa alhali baƙon da ke zaune kusa da shi a jirgi ɗaya dalarsa yake karɓa a dunƙule. A lokacin ana gardama ne a kan dala ɗaya naira ɗari uku da wani abu. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, aka saki naira, zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500. To duk wanda ya sa hannu a kan albashin naira tsagwaronta ba tare da sharaɗin cewa in canji ya motsa za a sake lissafi ba, ai an rage masa albashi fiye da rabi ba tare da an kira shi ofis ba. Wannan kam ban ce ku yi sassauci a kansa ba, ku tsaya kai da fata a rubuta shi ɓaro-ɓaro, a faɗi farashin da za a bi, a faɗi duk wata nawa za a sake dubawa.

Amma ga inda tarkon yake. Mai kamfani ɗan kasuwa ne, in kuka matsa masa a kan kuɗi zai ce to na ji, na ƙara, amma ku ma ku taimaka min, jadawalin aiki ya ɗan matse, ranar hutu in na kira mutum ya zo zan ba shi alawus, a daina lissafa awannin da kuka yi zaune a filin jirgi kuna jiran jirgin da ya makale a wani gari. Kuma wallahi a takarda abin zai yi kyau, kowa zai ga alat ya ƙaru. Sai an shekara sannan a ga mutum ya tashi ƙarfe huɗu na asuba daga wata unguwa a ƙarshen Legas don ya kama tashin farko, ya yi Abuja ya dawo ya yi Fatakwal ya dawo, jinkiri ya hau kan jinkiri, sai ga shi ƙarfe goma na dare yana neman titin sauka a Kano cikin hazon hunturu da ko fitilar mota ba ka gani sosai. Ko a tashar mota direban da ya kwana yana tuƙi daga Legas in ya iso aka ce ya juya da sabon lodi, fasinjan da ke da hankali sauka yake yi, to mu a jirgi ba mu ganin idon direba balle mu sauka.

Ba tatsuniya nake ba. A watan Agustan 2022 jirgin Ethiopian Airlines da ya taso daga Khartum zuwa Addis Ababa ya wuce inda ya kamata ya fara sauka yana can sama ƙafa 37,000, masu ba jirage hannu suna ta kira shiru, ashe matuƙan biyu duk barci ya kwashe su, sai ƙarar na'ura ce ta tashe su suka juyo suka sauka lafiya. Kamfanin da ake yi wa kallon zakaran Afirka ke nan fa, wanda muka so mu miƙa wa Nigeria Air, sabon kamfanin jiragen saman da gwamnatinmu ta so kafawa. An dakatar da matuƙan, to shikenan, amma tambayar da ta dace ita ce wane irin jadawali ne zai sa ƙwararru biyu su ɓingire a lokaci guda.

Ku dubi Amurka ma da kowa ke misali da ita. A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu har da ɗaya da ke cikin gidansa. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan yadda kyaftin ya ja jirgin sama lokacin da na'ura ta gargaɗe shi cewa gudu ya yi ƙasa, maimakon ya kwantar da hancinsa. Amma abin da ya girgiza Amurkawa shi ne abin da ya fito a zaman sauraron shaida, mataimakiyar kyaftin ɗin abin da take samu a shekara bai fi dala 16,000 da 'yan kai ba, ba za ta iya kama haya kusa da wurin aikinta a Newark ba, daga Seattle can ɗaya ƙarshen ƙasar ta kwana tana bin jiragen kaya ta zo ta kama aiki. Iyalan mamatan suka tasa majalisa a gaba har aka yi doka a 2010, daga baya aka ce mataimakin matuƙi ma sai ya tara awa 1,500 kafin ya ɗauki fasinja, aka kuma kawo sabuwar ƙa'idar hutu a 2014 da ta ce sai an ba matuƙi awa 10 kafin ya kama aiki, a cikinsu kuma ya samu damar barcin awa 8 ba yankewa, kuma kar ya wuce awa 100 yana tashi a kwana 28. Abin da nake so ku gani a labarin nan shi ne ƙaramin albashin yaro da gajiyarsa abu ɗaya ne, talaucin ne ya hana ta kwana a gado.

Mu ma muna da namu, kuma sun fi ciwo don mun san gidajen da aka yi zaman makoki. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin da Nigeria Airways ya yi haya daga wani kamfanin Kanada don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan da tashi, mutum 261 ba wanda ya fita. Me ya jawo? Iskar taya. An san wasu tayoyin ba su da isasshiyar iska, makanike ya nemi a ƙara, ba a samu iskar da ake sa wa tayar jirgi a kusa ba, wanda ke kula da aikin jigilar ya ga za a makara ya ce a tafi. Taya ta fashe a kan titi ta kama wuta aka naɗe ta cikin jirgi. Sai kuma ranar 29 ga Oktoban 2006, jirgin ADC daga Abuja zuwa Sakkwato, wanda muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a cikinsa, Allah ya jiƙansa da sauran waɗanda suka rasu. Nan da nan aka fito aka ce matuƙi ne ya ƙi jin gargaɗin yanayi, kuma rahoton bincike bai wanke shi ba, amma rahoton nan ya kuma ce kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'idar aiki a mummunan yanayi kuma na'urar da aka yi masu horon kauce wa irin wannan juyin iskar ba ita ce ta dace ba. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba, don matuƙi ya mutu ba zai kare kansa ba.

Shi ya sa nake roƙonku, kafin ma a zo maganar ko sisi, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa kyaftin in ya ce ba zan tashi ba, saboda yanayi ko saboda wata matsala a jirgi ko saboda na gaji, ba mai rage masa albashi, ba mai cire shi daga jadawali a ɓoye, ba mai kiransa ofis washegari a ce oga yana son ganinka. Haka injiniya in ya ƙi sa hannu a littafin jirgi. Za ku ce ai dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ta riga ta ba kyaftin wannan ikon. Ta ba shi, amma doka tana hana kamfani tilasta maka tashi ne, ba ta hana shi ƙin sabunta maka kwantiragi bayan wata uku da wani dalili daban ba, ba ta hana a tsallake ka lokacin ƙarin girma ba. Wannan gurbin yarjejeniyar ƙungiya ce kawai ke toshe shi, da kwamitin da ku ma kuna da kujera a ciki wanda zai duba duk wani horo da aka yi wa mutum bayan ya ƙi tashi. Kuma rahoton gajiya ya zama abin da mutum zai cike ba tare da ya ji kamar takardar korarsa yake rubutawa ba.

Na san idonku yana kan abin da takwarorinku suka samu a waje, kowa ma ya gani. A watan Maris na 2023 matuƙan kamfanin Delta na Amurka su wajen 15,000 suka amince da yarjejeniyar da ta ƙara masu kashi 34 cikin ɗari a shekara huɗu, kashi 18 nan take. American Airlines suka biyo baya a watan Agusta, United a Satumba da ƙarin da ya kai kashi 40, Southwest a farkon 2024 da wajen kashi 50 a shekara biyar, Air Canada ma a ƙarshen 2024 kusan kashi 42. Amma a dubi yadda aka yi aka kai can. A Amurka wata tsohuwar dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926 ce ke mulkin wannan harka, yarjejeniya ba ta mutuwa sai dai lokacin gyaranta ya yi, kuma ba ka da ikon yajin aiki sai hukumar sasanci ta ƙasa ta sallame ka an kuma jira kwana 30, shugaban ƙasa ma yana iya tsayar da kai, Clinton ya yi wa matuƙan American haka a 1997 mintuna kaɗan da fara yajin. To da me suka ci nasara in ba yaji? Da haƙuri da lissafi da haɗin kai. Ta Delta tun ƙarshen 2019 lokacinta ya yi, suka yi shekara uku suna jan zare, suna fitowa ranar hutunsu cikin kayan aiki su jeru a bakin filin jirgi shiru da alluna ba tare da sun hana ko jirgi ɗaya tashi ba, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yaji kashi 99 don kamfani ya san ba wasa. Na United kuwa shugabanninsu sun kawo masu tayin ƙarin kashi 14 da ɗoriya a 2022, mambobi suka yi watsi da shi da ƙuri'a sama da kashi 90, aka koma aka sake zama. Wannan shi ne darasin da ya fi kashi 40 ɗin amfani a wurinku, mamba shi ke da ƙuri'ar ƙarshe, ba shugabanni biyar su shiga otal da masu kamfani su fito su ce an daidaita ba. Kuma kaso mai yawa na abin da suka yi ta ja a kai ba kuɗi ba ne, jadawali ne, da ranakun da mutum zai zauna a gida yana jiran kira, da yadda za a iya canza maka tafiya bayan ka riga ka fito.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, Najeriya ba Amurka ba ce, kuma masu kamfanoninmu ba duka maganarsu ce ƙarya ba. Lokacin korona gwamnatin Amurka ta zuba wa kamfanonin jirage dala biliyan 54 don su riƙe ma'aikata, mu nan naira biliyan 4 aka raba masu. A 2022 man jirgi ya tashi daga wajen naira 190 lita zuwa 700 har ƙungiyar masu kamfanoni ta AON ta sanar za ta ajiye jirage a watan Mayu kafin a lallashe ta. Suna sayar da tikiti da naira, ni shaida ne, amma hayar jirgi da kayan gyara da inshora da babban gyaran da ake kai jirgi waje duk dala ne. Kuma maƙabartar kamfanonin jiragenmu cike take, Okada, Kabo, Chanchangi, IRS, Albarka, Bellview, Sosoliso, Air Nigeria da ya rufe a 2012, ga Aero da Arik da AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da aka kasa biya, ta karɓe a 2016 da 2017. To in kuka ja igiya har ta tsinke ku ne za ku fara zama a gida. Abin da zan ce shi ne duk kamfanin da ya ce ba shi da kuɗi ku ce mun yarda, buɗe littafi akantanmu ya gani, in da gaske ne mu yi haƙuri na wani lokaci da aka ƙayyade, a rubuta ranar da za a mayar mana da abin da muka bari da kuma rabonmu in riba ta dawo. Haƙurin da ba a rubuta ranar ƙarewarsa ba kyauta ce kuka yi.

Kenya ta ishe ku misali. Matuƙan Kenya Airways sun yi haƙuri lokacin korona, aka dakatar da zuba kuɗin asusun ajiyarsu na ritaya aka jinkirta wani ɓangare na albashi, korona ta wuce abin bai dawo ba, ranar 5 ga Nuwamban 2022 suka ajiye aiki, dubban fasinjoji suka makale a Nairobi, ministan sufurin ƙasar ya fito yana barazana, kwana huɗu kotun ma'aikata ta ce su koma bakin aiki. Sun koma, jama'a na zaginsu, kuma abin da suka fita nema ba su dawo da shi a hannu a ranar ba. Mu nan ma kun san tun da aka sa hannu a dokar sufurin jiragen sama ta 2022 gwamnati ke nuna cewa aikin jirgi aiki ne na dole da bai kamata a yi masa yaji ba, ministan sufurin jiragen sama na lokacin Hadi Sirika ya faɗa da bakinsa a farkon 2023 lokacin da ma'aikatan NAHCO, kamfanin da ke lodi da sauke kayan jirage, suka tsayar da aiki a Legas. Wato makamin yajin ma ana neman dakushe shi, saura takarda. In takardar ba ta da ƙarfi a gaban kotun ma'aikata ta ƙasa to ba ku da komai.

Maganar fansho kuma kar ku bar ta a shafin ƙarshe. Dattawan Nigeria Airways suna nan wasu sun rasu suna jira, kamfani ya daina tashi a 2003, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince a fitar da wajen naira biliyan 22 a matsayin rabin haƙƙinsu, shekara goma sha biyar mutanen da suka yi ta kai alhazai Makka suna yawo da fayil. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 ma'aikaci kashi 8, to ku sa sharaɗin cewa duk wata uku kamfani zai nuna wa ƙungiya shaidar ya tura kuɗin, don cirewa a takardar albashi daban, turawa daban. Da inshorar rasa lasisi, wanda likita ya sauke shi a shekara arba'in da biyar ya samu abin da zai kama wata sana'ar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, yaran. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964 tana ta yaye matuƙa, ga ta Ilori, ga waɗanda iyayensu suka sayar da gona da fili suka tura su Afirka ta Kudu, ga ɗalibai 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan a zamanin Kwankwaso na biyu aka yi ta murna da hotuna. Da yawansu sun dawo da lasisi a hannu suka tarar da bango, kamfani ya ce ba zan ɗauke ka ba sai kana da shaidar ƙwarewa a kan irin jirgin da nake da shi, Boeing 737 ne ko Embraer ko wanne, wannan horon kuma dubban daloli ne daga aljihunka, in ka yi shi ma a ce awanninka sun yi kaɗan, to a ina zai tara awannin in ba a ɗauke shi ba? Lasisin kuma ba takardar digiri ba ce da za ka ajiye a akwati, in ba ka tashi ba ka sabunta gwajin likita sai ya mutu. Ina ganin irin yaran nan, wasu suna zuwa shagona neman ko aikin buga tikiti ne, mutumin da ya iya saukar da jirgi. Wanda ya yi sa'a aka ɗauke shi kuma sai a ɗaure shi da takardar cewa kamfani ya biya masa horo don haka ba zai tafi ba sai bayan shekaru kaza ko ya biya kuɗin da ya ninka abin da aka kashe, ga albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne ba zai taɓa iya cewa na gaji ba don ya san akwai ɗari a waje masu jiran kujerarsa.

A nan ne ƙungiya ke nuna ko ta kowa ce ko ta manya ce. American Airlines a 1983 ta kawo tsarin albashi hawa biyu, tsofaffi su riƙe nasu sababbi a biya su kusan rabi, tsofaffin suka yarda don ba su abin ya shafa ba, aka yi shekaru ana fama da gabar da abin ya haifar a cikin ɗakin tuƙi ɗaya kafin a kashe tsarin. Ko yarjejeniyar Air Canada ta 2024 da ake ta yabo, kusan kashi ɗaya cikin uku na matuƙan sun ƙi ta, kuma babban ƙorafin shi ne sababbin shiga ba su samu abin kirki ba. Ku kar ku yi haka. A sa mafi ƙarancin albashin mataimakin matuƙi a rubuce, wanda zai ishe shi kama ɗaki kusa da filin jirgi ba sai ya kwana a hanya ba. Takardar ɗaurin nan a ƙayyade ta, kuɗin ya zama daidai abin da aka kashe kuma yana raguwa duk shekara. Ƙarin girma zuwa kujerar kyaftin ya bi layin wanda ya riga shiga da cin jarrabawa, ba wanda ya san oga ba. Batun baƙi kuma, ba na cikin masu cewa a kore su, akwai jiragen da dole sai an ɗauko mai ƙwarewa daga waje kafin namu su koya, amma ƙa'idar ba da gurbin baƙi ta ce a haɗa kowane baƙo da 'yan ƙasa masu koyo a ƙarƙashinsa, to ku nemi a nuna maku sunayen masu koyon da ranar da za su karɓa, in ba haka ba shekara goma za a yi ana sabunta takardar baƙo yaranmu na sayar da data.

Akwai kuma kamfanonin da ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi suka daɗe suna kukan ba a barin ma'aikatansu su shiga ƙungiya ko kaɗan. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, kuma tun 1960 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyoyin ƙungiyar ƙwadago ta duniya masu lamba 87 da 98 a kan wannan. Duk yarjejeniyar da kuka ƙulla da kamfani biyu alhali sauran suna ɗaukar mutum ɗaiɗai a kan sharaɗin da suka ga dama, to kun hukunta wanda ya yarda ya zauna da ku ne kawai, don shi kuɗin aikinsa zai hau na maƙwabcinsa ya sauka. Wannan aikin ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ne da NCAA, kuma shi lauya ne da ya taɓa riƙe ƙaramin ministan ƙwadago, ba sai an fassara masa ba, ku kai masa buƙatar a samu mafi ƙarancin sharuɗɗan da za su hau kan kowane kamfani mai lasisin ɗaukar fasinja.

Kuma don Allah ku riƙa yi mana magana tun kafin rana ta ɓaci. Ku shiga gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da Hausa, akwai kyaftin-kyaftin 'yan Arewa da yawa a cikinku, su zo su faɗa wa mutane me ake nufi da awannin hutu, me ya sa jirgi ke fasa sauka in hazo ya yi yawa, me ya sa wani lokacin ake cewa ma'aikatan jirgi lokacinsu ya cika sai an kawo wasu. In za ku tafi yaji ku ba da sanarwa da wuri yadda doka ta ce, kuma ku kauce wa lokacin jigilar alhazai da goman ƙarshe na azumi, don wanda ya tara kuɗin Umara shekara da shekaru in kuka bar shi a filin jirgi da haraminsa a jaka ba zai taɓa fahimtar ku ba komai gaskiyarku. Zaman da za ku yi na gaba kuma, in an gama, ku buga abin da aka amince a kan hutu da ikon ƙin tashi da albashin sababbin shiga kowa ya gani, kuɗin manya ku riƙe sirrinku ba mu tambaya ba.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya sa ku riƙa tashi lafiya kuna sauka lafiya. Wassalam.

Naku,
wani mai sayar da tikitin jirgi, Kano